Ni Ne Kunnen Mu'allim Dadang

Ku da kuke ganin gyaran waya bai wuce a cire sikirin a manna wani ba, ku ajiye sukudirebobin nan ku saurare ni. Ɗazu ina kallon ɗayanku ya canza sifika, ya kanga wayar a kunne bai fi ƙiftawar ido ba, ya miƙa wa mai ita wai ta yi. Ta yi me? Ƙara ka ji, malam, ba sauti ba. Ni sai da na ci shekaru a Riyad kafin na san bambancinsu, kuma a kan wani kiɗa na koya, wanda ranar da na fara jin sa na ɗauka injin markaɗe ne ya haɗiye cokali.

A dubu biyu da sha ɗaya na sauka can, ina da shekara talatin da takwas, da girman kaina na tsohon mai gyaran rediyo da kaset a Kano. Kafilina, wato mutumin da igamata ta zama a ƙasar take hannunsa, wani Balarabe ne ana ce masa Abu Fahad, yana da ɗan shagon waya a wani lungu cikin kasuwar Batha. A unguwar Manfuha nake kwana, mu shida 'yan gida a ɗaki biyu, da safe in bi bas in taho. Shagon bai fi wannan namu girma ba. Kanta a gaba, sai labule, bayan labulen tebur ne da fitila mai lanƙwasa, da bulowa mai hura iska mai zafi, da ƙarfen narka dalma wanda su suke ce wa kawiya, da hantsakai jere bisa tsumma. A kan wannan teburin na tarar da Mu'allim Dadang, mutumin Indunusiya daga wani gari Bandung. Gajere ne siriri, furfura ta fara cin gashinsa, kullum da iyafis toshe a kunnuwansa biyu. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin yarensu. Da Larabcin kasuwa muke magana, irin wanda su kansu Larabawan dariya yake ba su.

Aikin farko da ya ba ni wata 'yar ƙaramar waya ce mai madannai, ta wani direba ɗan Filifin, sifikar ƙasa ta mutu. Na ce a raina wannan ai raini ne. Na buɗe, na cire, na sa sabuwa. Mu'allim ya miƙo mini memori ya ce in gwada da waƙar da ke ciki. Ina dannawa sai ga wani ƙurrr, kamar ana jan langalanga a kan siminti, wani ƙato yana ihu a sama. Na ce ash, sifikar nan jabu ce. Na cire, na sa wata. Ƙurrr. Na sa ta uku, haka. Gumi ya fara keto mini duk da sanyin esi. Na goge fanel, wato allon cikin wayar, da sifirit, na auna da mita, komai lafiya lau. Can na ɗago, sai na ga Mu'allim ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake har da hawaye. Ashe tun sifikar farko lafiyarta ƙalau, jitar da ke cikin waƙar ce haka take. Da gangan masu kiɗan suke ƙazantar da sautinta.

Na ce masa, "Mu'allim, wannan kiɗa ne ko bala'i?"

Ya share ido ya ce, "Fank, ya Nasir. Sunansa fank. Gobe wani."

Haka kuwa aka yi, gobe wani, jibi wani. Dokar shagon ke nan tun kafin zuwana. Kowace safiya kafin mu ɗaga ƙofa, mu zauna bayan labule da shayi da burodin tamis, shi zai zaɓi waƙar yau. Mu saurare ta sau biyu a wata sifika mai kyau da yake ɓoyewa a durowa, ƙasa-ƙasa, don a lokacin ba a sakin kiɗa a shago yadda kuke yi nan har maƙwabta na toshe kunne. Sai ya rubuta sunan masu waƙar a guntun selotef ya liƙa a bango. Duk wayar da aka taɓa wa sifika a ranar, da wannan waƙar za a gwada ta.

Kada ku ɗauka nishaɗi ne kawai. Babbar gangar da ake bugawa da ƙafa ita ke tona asirin sifikar da takardarta ta yage, za ka ji tana ɓarɓar a ƙasa. Faifan ƙarfen nan da suke kwaɗawa, in ƙura ta toshe raga, shi ke fara ɓacewa. Muryar mawaƙi tana tsakiya. Waƙa ɗaya ta minti biyu ta auna maka komai. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba za mu tsaya a kan guda ɗaya ba mu huta. Ya ce kunne malalaci ne, in ya haddace waƙa, kai ne zai riƙa cike masa abin da sifikar ta zubar, ka rantse ka ji alhali ba ka ji ba. Dole kullum a ba shi sabuwa. Bayan gwaji kuma sharaɗi uku ne, ya sa na maimaita su har na gaji: ka gwada, ka goge waƙar daga wayar mutane, ka mayar musu da ƙarar kiran da suka zo da ita. Don in ringa muka canza, wato sifikar da ke ƙara in an kira, waƙar muke ɗorawa a matsayin ƙarar kira, mu buga daga wayar shago mu ji yadda take tashi.

Wata na huɗu, wani ɗan Sudan ya kawo waya wai in ana magana muryar tana rawa. Na gyara na ba Mu'allim ya duba. Ya waiga bai ga kowa ba, sai na ga ya ciji gefen wayar da haƙoransa na gaba, waƙar na tashi, ya lumshe ido. Na ce, "Mu'allim, yunwa ce?" Bai amsa ba. Na sake faɗa da ƙarfi daga bayansa. Shiru. Na miƙa hannu na ɗauki bakin wayar iyafis ɗinsa da ke lilo a gefen kujera. Ba a jone take da komai ba.

Da ya ga abin da ke hannuna, ya tashi ya ja labule ya rufe sosai. Nan ya gaya mini. Yana saurayi shi ne mai ganga a wata ƙungiyar samari a garinsu, a gareji suke kiɗa, sifikoki a bayan ƙeyarsa. Kunnen dama ya daɗe da mutuwa, na hagu kuma yana bin sa. Iyafis ɗin sutura ce, don in an kira shi bai juyo ba a ce kiɗa yake ji. Leɓe yake karantawa. Cizon wayar kuma don sautin ya bi ta haƙori ya shiga kansa ne. Abu Fahad bai sani ba, kuma ranar da ya sani, ba mai sabunta igamar kurma a shagon waya. Yana da 'ya ɗaya a gida da yake so ta yi karatun jinya ta gama kafin ya koma. Ya kama hannuna ya ce, "Ni ina da hannu, kai kana da kunne. Mafi kalam." Wato kada in faɗa wa kowa.

Daga ranar na zama kunnensa. Ni ke kanta, ni ke jin ƙorafin kwastoma in shiga in maimaita masa fuska da fuska. In Abu Fahad ya shigo, don sau ɗaya ko biyu yake leƙowa a mako, sai in taki ƙafar teburin, Mu'allim ya ji motsin a gwiwar hannunsa ya juyo yana zare iyafis kamar yanzu ya ji sallama. In ya ba da amsar da ba ta dace da tambaya ba, a ce Larabcinsa ne. Hannunsa kuwa, tabarakallah. Na ga ya ɗaga ƙwayar caji da ba ta kai ƙwayar gero ba daga fanel, bulowa a hagu, hantsaki a dama, ko maƙwabciyarta ba ta motsa ba. Ku nan in kun kunna bulowa har batir sai ya ji a jikinsa. Shi ya koya mini cewa zafin da ya yi yawa gaggawar mai gyara ce, ba buƙatar aikin ba, kuma buroshin haƙori da sifirit sun ceci waya fiye da kawiya.

Waƙar yau ma sai ta canza. Tsofaffin da ya sani tun kunnensa na aiki, waɗannan yana bin su da sukudireba biyu a gefen tebur, bai taɓa kuskure bugu ɗaya ba. Amma abokansa na gida suna turo masa sababbi, su ne matsalar. Sai ya kwantar da sifikar a tebur ya ɗora tafinsa a kai, gangar ta shiga hannunsa, sauran kuma ni zan gaya masa.

"Me ka ji, Nasir?"

"Jita biyu ce. Ɗaya na gudu, ɗaya na bin ta a hankali."

"Mai waƙar?"

"Mace ce. Kamar mura take yi, amma da daɗi."

"Kwayyis, da kyau. Wannan indi ne, ba fank ba. Rubuta."

A haka, wallahi ban san ranar da abin ya shige ni ba. Ni da na taso a kan kalangu da garaya, sai ga ni ina gardama a kan wace ƙungiya ta fi wata. Na gane fank kiɗan mutanen da ransu ya ɓaci ne kuma ba su da lokaci. Ba kwalliya, su fito su zazzage abin da ke cikinsu cikin minti biyu su tsaya cak, kamar an ɗauke wuta. Zafinsa na tuna mini da kiɗan 'yan tauri. Indi kuma, Mu'allim ya ce, yara ne da ba kamfanin da ya ɗauke su, a ɗakin kwanansu suke naɗar abinsu. In ka kasa kunne sosai har ƙarar kujera kana ji, ko numfashin da mai waƙar ya ja kafin ya fara. Irin waɗannan na fi so, don ba su ɓoye cewa mutane ne suka yi. Turancin ko yarensu ba duka nake fahimta ba, amma ina gane in mutum da gaske yake.

Kwastomomi suka gano mu. Direbobi 'yan Indunusiya da ke jiran madam ta fito daga kasuwa, da wasu 'yan Filifin ma'aikatan asibiti, har da samarin Larabawa biyu-uku cikin fararen jallabiyoyinsu tas, su jingina da kanta su yi ƙasa da murya su ce, "Esh fi jadid?" Me ke akwai sabo? Mu tura musu ta bulutut, kyauta. Da wasaf ya yi ƙarfi muka buɗe guruf, kullum da safe a jefa waƙar yau, zuwa azahar an cika shi da gardama. Akwai wani ɗan Filifin da duk abin da aka sa sai ya ce ta jiya ta fi. Ranar Alhamis aka bar mini zaɓi. Wata Alhamis na yi ƙarfin hali na kawo kiɗan wani mai garaya na ƙauyenmu, wanda aka naɗa a wajen biki, da hayaniyar mutane da komai. Mu'allim ya ɗora tafi ya lumshe ido, kansa na gyaɗawa. Sai ya buɗe ido ya ce, "Nasir, wannan mutumin ɗan fank ne, shi ne bai sani ba." Ya liƙa sunansa a bango tare da sauran. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

'Yan ɗakinmu a Manfuha kuwa sun mayar da ni abin tsokana. In na shigo sai wani ya ce ga Baturen Batha nan, yau wane mahaukacin aka saurara? Ni dai in yi dariya in ci shinkafar mandina. Shekara huɗu muka yi a haka, kuma ban tuna wayar da aka dawo mana da ita a kan sauti ba.

To, sai shekarar da ta ɓaci, dubu biyu da sha biyar. Zuwa lokacin kunnen hagun ma ya kusa tafiya, sai ka kai baki dab da shi ka ɗaga murya. 'Yarsa saura shekara ɗaya ta gama.

Wata Talata da rana Abu Fahad ya shigo riƙe da hannun baffansa, wani dattijo mai gemu fari fat, irin waɗanda ba sa rasa sahun farko. Wayarsa ce ba ta ƙara in an kira. Abu Fahad ya ce a yi masa yanzu-yanzu suna jira. Aikin minti goma ne. Mu'allim ya canza ringa ya miƙo mini ta labule. Na tura waƙar yau, na ɗora ta a ƙarar kira, na ƙure sauti, na shiga bayan labule na buga daga wayar shago na toshe da tafi. Ta tashi garau. Waƙar ranar kuwa, Allah Ya kiyaye, tana cikin mafiya zafi da muka taɓa sawa. Ba ta da gabatarwa, da ihu take farawa.

Ina cikin haka aka kira la'asar. Ku ba ku san wannan ba, amma a Riyad ta lokacin in ladan ya buɗe baki, kasuwa ta tsaya. Ƙofofin ƙarfe ne za ka ji suna sauka rututu, ana ta "Sala, sala!" a layi. Ba a jiran ka ƙarasa magana. Abu Fahad ya bubbuga kanta ya ce, "Yalla Nasir, yalla!" Dattijon ya riga ya miƙo hannu. Na ba shi, ya jefa a aljihun ƙirji, na ja ƙofa na kulle. Na gwada. Ban goge ba, ban mayar ba.

Masallacin lungun ƙarami ne. Dattijon na sahun farko bayan liman, Abu Fahad a gefensa, ni da Mu'allim muna na uku. Kun san la'asar, ba a bayyana karatu, ko tari aka yi kowa ya ji. Muna raka'a ta biyu a tsaye aka kira shi.

Innalillahi. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ihu, ganga, jitar nan mai ƙurrr, a ƙure, a sifikar da muka sa sabuwa. Na ga kafaɗun sahu biyu sun zabura lokaci ɗaya. Bawan Allahn nan yana ta lalubar aljihu da hannu ɗaya, bai san inda ake kashewa ba. Ta yi ta gama don kanta. Muka yi ruku'u, mai kiran ya sake bugowa. Ni dai ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Na saci kallon Mu'allim, yana tsaye cikin natsuwarsa, ido a wurin sujada, shi kaɗai ne a masallacin nan yake salla yadda ya kamata.

Da aka sallame na so in riƙe shi, amma cunkoson ƙofa ya raba mu. Kafin in samo takalmina ya riga ya isa wurin dattijon, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, mutane sun kewaye shi, wasu na ƙunshe dariya, wasu na salati. Mu'allim ya washe baki da fara'arsa ta mai sana'a, ya nuna aljihun ya ce, "Ya ammi, jawwal kwayyis? Sauti ya fito da kyau?"

Fuskar dattijon ta yi ja. Abu Fahad ya ce mu wuce shago.

A hanya na sha gaban Mu'allim na juyo ina tafiya da baya, na faɗa masa da leɓe abin da ya faru. Na ga jinin fuskarsa ya tsere.

Abu Fahad ya ɗaga ƙofa rabi, muka sunkuya muka shiga mu huɗu. Dattijon ya ce shekara sittin yana salla a sahun farko ba a taɓa tozarta shi haka ba, kuma aka zo ana yi masa ba'a a kai. Ya ce duk wanda ya yi wannan ba zai ƙara kwana a ƙarƙashin sunan gidansu ba, huruj za a buga masa, fita ba dawowa. Abu Fahad ba ya iya musa wa baffansa. Ya san kuma wanda ya miƙa wayar, a gabansa aka yi. Ya juyo ya kalle ni.

"Nasir. Kai ne?"

Na buɗe baki, ban san me zai fito ba. Mu'allim na kallon leɓen Abu Fahad, ya kalli nawa. Sai ya sa hannu ya zare iyafis ɗin daga wuyansa, ya ajiye a kan kanta, ya ɗaga bakin wayar ya nuna musu ba a jone take ba.

Ya ce, "Ba Nasir ba ne. Ni na sa. Na ɗauka ƙararta ta da na mayar, ban ji abin da na zaɓa ba. A masallaci ma ban ji komai ba. Ya Abu Fahad, ni ba na ji."

Abu Fahad ya ce ƙarya ne, dabara ce. Ya zagaya bayansa ya ce, "Dadang." Ya ƙara murya, "Ya Dadang!" Ya tafa hannu har sau biyu. Mu'allim na tsaye yana kallon bangon selotef. Teburin na kusa da ƙafata, amma ban taka ba, don na ga ya janye gwiwar hannunsa daga kai.

Dattijon ne ya fara saukowa. Ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah. Miskin." Ya dafa kafaɗar Mu'allim, ya kai baki kunnensa ya yi masa addu'ar samun lafiya da ƙarfi, ya ce ya yafe, kada a kori kowa saboda shi. Ya ba ni wayar na goge waƙar na mayar masa da ƙararsa. Abu Fahad ya raka shi mota ya dawo shi kaɗai. Ya tambayi Mu'allim tun yaushe. Mu'allim ya gaya masa. Abu Fahad ya daɗe yana juya makulli a hannu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya ce ba zai kore shi ba, amma shi ba zai iya riƙe mai gyaran waya da ba ya jin waya ba. Igamar saura wata uku, in ta ƙare ta ƙare.

Ina tsaye a wurin aka yi duk wannan, kuma ban ce uffan ba. Tsoro na ji, ba wani abu ba. Na tuna iyalina a Kano na yi shiru, kuma kunyar wannan shirun ba ta bar ni ba.

Da Abu Fahad ya fita na shiga bayan labule na tsaya a gabansa. Na ce, "Mu'allim, me ya sa? Bari in bi shi in gaya masa gaskiya."

Ya ce, "Zauna. In kai ka tafi, wa zai ji mini? Mako ɗaya za a gane, mu biyu mun tafi ke nan. In ni na tafi, ɗaya ya rage."

"'Yarka fa?"

"Allah Karim. Miƙo mini wancan fanel ɗin."

Na san ba duka gaskiyar ke nan ba. Mutumin da ya ɓoye abu shekara da shekaru kafin zuwana, da ya ga dama da ya lallaɓa wannan shekara ɗayar. Amma na miƙa masa fanel ɗin.

Wata ukun nan ya yi su ba iyafis. Labari ya zaga guruf, sai mutanenmu suka riƙa zuwa da kansu da safe. Aikina na gaya masa abin da ke cikin waƙa sai ya zama na kowa, wannan ya kwatanta jita da hannu, wancan ya rubuta masa baitin a takarda, samarin Larabawan nan har da tsalle a bayan labule, jallabiya na tashi. Shi kuma duk abin da ya rage a hannunsa ya juye mini. Ya sa na ɗaga ƙwayar caji ya fi sau ɗari a matattun fanel har hannuna ya daina rawa. Bulowar da kawiyar da hantsakan duk ya bar mini. Ni ma ɗin ban daɗe ba a bayansa. Shekarar da ta biyo aka ce sayar da waya da gyaranta sun zama na 'yan ƙasa kaɗai, na tattara kayan na dawo gida. Shekara ɗaya tak na ci daga zaman da ya saya mini da aikinsa.

Ranar tafiyarsa da hantsi ne, ni na ɗauki jakarsa daga shago zuwa bakin titi inda zai samu motar filin jirgi. Duk zamanmu a hankali yake magana, yana auna muryarsa da fuskata don kada ta yi sama a gane. Ranar ba sauran abin ɓoyewa. Muna tsakiyar lungun Batha, masu shaguna na jera kaya, sai kawai ya ɓarke da waƙa da yarensu, wata ta ƙungiyarsu ta samartaka, yana buga ƙirjinsa da tafi. Da iya ƙarfinsa, jama'a. 'Yan Bangaladash suna leƙowa, wani ɗan Yaman mai shayi ya tsaya da buta a hannu. Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya yi waƙa da bakinsa, kuma wallahi muryar ba ta da daɗi ko kaɗan, ta kauce wa hanya tun baitin farko. Na bi shi a baya da jaka a ka, ina kuka kamar ba babba ba, ban hana shi ba.

Da motar ta tsaya ya rungume ni, ya shiga, ya tafi. Mutanen guruf har yau sun ɗauka shi ya bar waƙar a wayar dattijon. Abu Fahad ma haka ya sani har muka rabu, na yi masa bankwana na sumbaci kansa ban gyara masa ba. Matata ma ban gaya mata ba. Ku ne na farko da na faɗa wa cewa ni ne.